Me Ke Sa Ƙwayoyin Jijiyar Jini Tsufa a Ɗakin Gwaji?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Na karanta cewa ana samo ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon cikin jijiyar jini daga jinin mutum, a rene su a faranti, amma daga baya sai su daina hayayyafa. Shekarun mai jinin ne sanadi, ko renon?

Amsa: Duka biyun ne, ƴata, amma rabon mai reno ya fi yadda ake zato.

Tun da wani masani mai suna Asahara ya bayyana irin waɗannan ƙwayoyi a 1997, an gane cewa ƴan kaɗan ne a jini. Na babban mutum sai an yi sati biyu zuwa uku ana jira kafin su fito a faranti, jere kamar duwatsun pabe. Na jinin cibiya sun fi saurin fitowa, kuma a 2004 wani masanin, Ingram, da abokan aikinsa sun nuna suna iya ninkawa har sau 100, na manya kuwa sau 20 zuwa 30. Rabon shekaru ke nan.

Sauran yana hannunki. Ana shafe farantin da kolajin, wani furotin na jiki, don su samu abin kamawa, a ajiye a zafin digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100. Abin da aka fi mantawa shi ne oksijin: iskar ɗaki na da kashi 21, wanda ya zarce abin da suka saba da shi a jiki nesa ba kusa ba, kuma wannan yawan na gajiyar da su. Sukari mai yawa a ruwan abincinsu ma haka. In kika shuka su da tazara sosai, sai sun yi ta rabuwa kafin su cika faranti, kowace rabuwa kuma tana rage bakin kuromosom ɗinsu, wato zaren gadon da ke cikinsu, in ya gajarce sosai kuwa sai su daina rabuwa. A Yamai ƙara da ɗauke wuta a zafin Afrilu. Na'urar reno marar janareto ɓarnar jini ce kawai.

In sun tsufa za ki gani da madubin likita: sun yi faɗi, sun baje, rinin gwaji ya mayar da su shuɗi. Ni dai ba na yarda da sakamakon da bai faɗi sau nawa aka sauya musu faranti ba. Ki rubuta wannan kullum, ki daskare wasu tun suna da ƙarfi, ki kwatanta ƙwayoyin marar lafiya da na mai lafiya bayan adadin sauyin faranti iri ɗaya.