Tsangaya, Zango da Kwantai: Amsoshi ga Ɗaliban Kimiyya

Yawancin wasiƙun wannan makon daga ɗaliban kimiyya suka fito, waɗanda idan sun koma gida hutu aka tambaye su me ake koya musu a jami'a, sai baki ya mutu. Na zaɓi huɗu.

Wata ɗaliba 'yar aji ɗaya daga Zariya ta ce: "Malam, kakata ta tambaye ni abin da nake karantawa, na ce kemistiri, ba ta gane ba. Na ce kimiyya, sai yayana mai karanta fizis ya ce ai shi ma kimiyya yake yi. Wa ke da gaskiya?"

Ku duka biyun, 'yata. Kimiyya daga Larabci take, kuma a can ma'anarta ita ce kemistirin da kike karantawa. Da ta shigo Hausa sai ta buɗa, ta zama rumfar duk ilimin da ake tabbatarwa da gwaji da awo. Shi ya sa aka nema wa fanninki wani sunan, ilimin sinadarai. Sinadari kuwa kalmar maƙera ce, abin da suke sawa wajen liƙi don ƙarfe ya kama ƙarfe. Bayoloji bai ba da wahala ba, ilimin halittu ne. Fizis ne ya gagara. Wasu na cewa kimiyyar lissafi, ni ban yarda ba, don ɗan sashen lissafi zai ce an yi masa ƙwace. Ki bar shi a fizis, ki gaya wa kaka ilimin motsi ne da zafi da haske da lantarki.

Tunda mun shigo nan, kalmar da ta fi ba ni tausayi ita ce ƙwaya. Mun ɗora mata kaya ya fi ƙarfinta: ƙwayar cuta, ƙwayar magani, ƙwayar halitta, ƙwayar zarra, wato atom, ƙanƙanin ɓurɓushin da ya gina kowane abu. Ta ƙarshen ta yi dace, domin duk wanda ya yi karatun allo ya haɗu da zarra a Suratul Zalzala. Amma ƙwayar halitta, wani na nufin ɗan tubalin da ya gina jikin mai rai, wani na nufin abin da ɗa ke gado daga iyaye. Idan kina rubutu, ki fayyace wanda kike nufi tun a layin farko.

Wani daga Sakkwato ya tambaya: "Me ya haɗa jami'a da tsangaya, alhali tsangaya ta almajirai ce?"

Abin da ya haɗa su shi ne taron masu neman ilimi a ƙarƙashin malamai. Da aka rasa sunan babban rukunin da ya tara sassa, sai aka ɗauko ta. Jami'a ta ƙunshi tsangayoyi, tsangaya ta ƙunshi sassa, a kan kowane sashe akwai shugaba. Irin wannan aro daga cikin gida shi ya ba mu zango, wurin da ayarin fatake ke yada kaya ya huta kafin ya ci gaba. Shekarar karatu zango biyu ce, don haka mai digirin kimiyya na shekara 4 zai yi zango 8, injiniya shekara 5, likita shekara 6. Haka magatakarda, wanda a fada shi ke riƙe da rubuce-rubucen sarki, ya koma mai riƙe da takardun jami'a. Kundi, wanda malamin zaure ke ɓoye asiransa a ciki, ya zama binciken da ɗan ajin ƙarshe ke rubutawa. Bikin kammalawa ma yaye muka kira shi, kamar na ɗan da aka cire daga nono.

Tambaya ta uku daga Kano: "Babana kullum sai ya ce mini ba a fafe gora ranar tafiya. Mene ne fafe? Kuma yaya zan faɗa masa da Hausa cewa na samu kariyoba?"

Fafewa ita ce a yanka bakin duma a ƙwaƙule cikinsa. Bayan nan sai an jiƙa shi ɗacin ya fita kafin ya riƙe ruwan sha, aikin kwanaki ne. Matafiyin da ya fara da safen tafiya zai sha ɗaci a hanya. Ina zargin mahaifinka ya san sai daren jarrabawa kake buɗe littafi.

Kariyoba kuwa, ni kwantai nake kiranta, hajar da ba ta shiga ba ta kwana, gobe a sake fitowa da ita. Darasin da ka faɗi haka yake, baɗi za ka sake ɗaukarsa tare da ƙannenka. Kuma yana jan jimillar makinka ƙasa. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'in Nijeriya ke bi, daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, ta biyu mai girma daga 3.50, darasin da aka faɗi kuwa sifili ake rubuta masa a lissafin. Ka gaya wa baba kafin takardar sakamako ta riga ka.

Ta ƙarshe gajera ce: "Da gaske ne digirin digirgir sunan digiri na uku ne, ko wasa ne?"

Da wasa ya fara, ya zauna, har gidajen rediyo na faɗarsa a labarai. Digirgir daga digirgire yake, wato ɗora tulu ko kaya a ka a yi ta tafiya ba tare da an riƙe da hannu ba, abin da sai gwani. Amon kalmar ya yi kama da digiri, ma'anar kuma ta hau. A takardar hukuma dai ki rubuta digiri na uku.