Shagonka ya cika, ido ya rasa inda zai sauka

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Mutane na wucewa ba sa tsayawa, maƙwabcina kuwa sai ciniki yake. Ina so in ranci naira miliyan 2 wajen surukina in ƙaro kaya. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, bar wa surukinka kuɗinsa. Na ga hoton da ka turo: atamfa kala wajen ɗari jibge tun daga ƙasa har rufi, ja kusa da ja, kuma wai ƙari kake nema!

Miƙe hannunka ka dubi farcen babban yatsanka. Abin da ido ke gani tar a lokaci guda bai fi faɗin nan da yawa ba, saura duk dishi-dishi ne. Shi ya sa ƙwayar ido ke tsalle kamar sau 3 a daƙiƙa. Hajiyar da ke ratsa layinku, ana turereniya, ɗan dako na ihun a ba shi hanya, daƙiƙa 2 za ta ba ka. Kallo 6 ke nan. Kuma ido ba ya shawara da mai shi, abin da ya fita daban yake bi: farar shadda guda cikin baƙaƙe, ƙyallen da iska ke kaɗawa, fuskar mutum. A shagonka me ya fita daban?

Na san wani mai takalma da ya yi irin lissafinka. Ya ci bashi ya danƙare shago ana saura wata guda sallah, har ƙofa ta toshe. Bayan sallah da kaina na tarar yana karyar da kaya ƙasa da sari, mai bashi na zaune a bencinsa.

Kwashe rabin kayan nan ka kai sito. Zaɓi turmi 3 da suka fi kawo maka riba, ka warware su, ka rataye daidai idon mai tsaye a waje, ba daidai naka idon kana kishingiɗe ba. A manyan kantunan Turai da Amurka har kuɗi kamfanoni ke biya don a ba su kanta mai kyau, kai kuwa ka ba kwantai wurin kyauta. Sa farin ƙwan lantarki guda ya haske su. Yaronka kuma ya ɗago kai daga waya.

Mako 2 ka riƙa rubuta mutum nawa suka tsaya, nawa suka taya. Turo min littafin, sannan mu yi maganar rance.