Inda za ka ɗaure jirgi a kogin Boni

Tambayarka ta iso ni, ɗana. Ka ce mai jirgin nan mai inji ya bar maka zaɓin inda zai riƙa kwana, kuma ka ga wurare biyu a Fatakwal: ɗaya a jikin wani dandamalin katako kusa da inda jiragen fasinja masu zuwa Boni suke lodi, ɗayan kuma can cikin wani ɗan reshen kogi mai shiru, inda kuɗin bai kai rabin na farkon ba. Kana so in ce maka wanne.

Ba zan ce ba tukuna, don na tabbata duka biyun da ruwa cike ka gan su. Abin da ke cin duk wanda ya taso daga Yawuri ke nan, ni ma ya ci ni. A gida in ka kafa turke ka ɗaure jirgi da magariba, inda ka bar shi nan za ka tarar da shi da asuba. Ruwan Kwara sai ya yi kwana da kwanaki kafin ka lura ya hau ko ya sauka. Shi kuwa kogin Boni, teku ce ke juya shi. Sau biyu yake cikowa, sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya, kowanne awa 6 da 'yan mintoci, kuma kullum yana makara da kamar minti 50. In yau ya cika da azahar, mako mai zuwa da azahar taɓo za ka tarar a wurin. Tsakanin cikarsa da janyewarsa yakan kai wajen mita 2, ya fi tsawonka ke nan.

Kuma da wata yake tafiya. Kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu, nan ne yake cika maƙil, ya kuma janye har ƙarshe. Wajen 7 ga wata da 22, a lissafin watan sama, sai ya yi sanyi. To, ka je ran 15 ko 16, da gora a hannunka, ka zauna a kowane wuri har ka ga ruwan ya ƙare janyewa. Gani ya kori ji. Ka auna abin da ya rage a daidai inda gindin jirgin zai zauna, ka caccaka ƙasan. In laka ce zalla, jirgi zai iya zama a kanta lafiya muddin ka ɗage injin. In gorar ta bugi tsohon turke, ko ƙarfen wani jirgi da ya nutse, ko kankare, ka bar wurin ko kyauta aka ba ka. Wancan reshen mai araha, ina zargin bakinsa bushewa yake yi. Ranar da maigida zai ce a tashi da ƙarfe 6, sai ku zauna kuna kallon ƙaguwa na yawo a taɓo har hantsi.

Dandamalin ma yana da nasa. Shekarata ta farko a can, na ɗaure jirgin ubangidana da gajeriyar igiya, tamau, yadda muka saba. Ruwa ya janye cikin dare, jirgin ya rataye ta gefe ɗaya, ya karkace. Da ruwan ya dawo, ta ɗaya gefen ya shiga. Da gari ya waye kan injin kaɗai nake gani, ga jarkokin mai suna ta yawo a ƙarƙashin katako. Wata biyu ina aiki ba a ba ni ko sisi ba. Don haka igiyoyinka su zama dogaye, su tafi a karkace: ta goshi ta yi gaba sosai, ta baya ta yi baya sosai, sannan biyu a gicciye don kada ya riƙa kai da komo. Ka kuma duba kada goshin ya samu hanyar shiga ƙarƙashin dandamalin, don in ruwa ya ciko a haka, danne shi zai yi har ya nutse. Tsofaffin tayoyi a jikinsa kuwa, ba sai na faɗa maka ba.

Sai zirga-zirga. Masu jiragen fasinjan nan ba sa rage wuta don kai, kuma kowanne ya wuce sai igiyar ruwansa ta maka jirginka da katako, tun safe har dare. In akwai fili ta bayan dandamalin, inda shi ne zai tare maka, can za ka nema. Hanyar manyan jiragen da ke shiga tashar Onne da ta Fatakwal kuwa, ko kusa kada ka je. Ba ta ƙananan jirage ba ce, kuma jirgi irin wannan ba ya tsayawa don ya gan ka.

In ka ga gara ka jefa anka, wato ƙarfen da ke kama ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, a fili, ka tuna ruwan yana sauya fuska, jirgin zai kewaye ankar gaba ɗaya duk lokacin da ya juya. Ka bar masa filin juyi tsakaninsa da na maƙwabta. Tsawon igiya ya ninka zurfin wurin sau 6 ko 7, zurfin lokacin cika nake nufi, da sarƙa a kusa da ankar, da farar fitila da dare.

Wani abu kuma da arahar can ba ta faɗa maka ba: wurin da babu mutane, ɓarayin inji sun fi ka son sa. Ka tambayi waye ke gadi, waye kuma zai yashe ruwa in an kwana ana sama, don ruwan Fatakwal shi kaɗai ya isa ya nutsar da buɗaɗɗen jirgi.

Yau 11 ga wata. Kada ka biya kowa kuɗi sai ka je ka dawo, ka faɗa mini kamu nawa gorar ta shiga a kowane wuri.