Amsa: Injin hudata na 18V ya daina riƙe caji, in jefar?

Malam, kada ka jefar, galibi injin lafiyarsa ƙalau, batirin ne ya gaji. Kwance kusoshin akwatin batirin ka leƙa. In tsohon yayi ne na NiCd (wato batirin nickel-cadmium), za ka tarar da ƙwayoyi 15 a jere, kowace 1.2V. Ɗora mitar auna ƙarfin wuta a kan kowace ɗaya. Sau da yawa biyu ko uku ne suka mutu, har da farin gari kamar gishiri a bakinsu. Amma ni dai ban yarda da haɗa sabo da tsoho ba, canza su gaba ɗaya.

In kuwa lithium kake so, ƙwayoyin lithium masu lamba 18650 guda 5 sun isa, tare da allon kariya na BMS. Nan mutane ke kuskure: su ciro ƙwayoyin tsohuwar laftof don araha, injin na shiga katako mai tauri ya tsaya cak. Nemi masu jure jan wuta, irin Samsung 25R mai ba da 20A. Kada a liƙa dalma kai tsaye a jikinsu, zafi na lalata su. A kai wa mai waldar batir.

Tsohuwar cajar NiCd kuma ka ajiye ta, lithium na iya kamawa da wuta a kanta.