Amsar tambayarki kan fara rubutu da biro

'Yata, saƙonki ya iso, ina fatan kowa lafiya. Kin ce wata uku ke nan labarinki ya tsaya cak a babi na huɗu, duk sadda kika buɗe kwamfuta sai ki tsinci kanki a YouTube ko WhatsApp har dare ya raba. Kina tambaya ko al'adarmu ta dā, ta fara rubuta labari da biro kafin a kai ga bugawa, tana da wani sirri ne.

Rashin na'ura ne ya sa muke yi, ba zan ɓoye miki ba. Jan ƙafa kuma ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1830 Victor Hugo na Faransa ya yi ta jinkirta littafin da ya yi wa mai buga masa alkawari, har wa'adi ya ƙarato. Sai ya sayi kwalbar tawada, ya kulle tufafinsa na fita don kada ya samu abin da zai sa ya bar gida. Cikin Janairun 1831 ya kammala.

Amma takarda ta yi mana wani alheri da ban gane ba sai daga baya. Idan na kai inda labari ya cije, misali na rasa abin da mace za ta fara ce wa mijinta bayan ta gano ƙaryarsa, ba ni da wurin gudu. Sai in ciji murfin biro, in zuba wa bango ido, in rubuta layi in soke, in sake. Can bayan wannan ƙuncin sai maganar ta faɗo. Ke kuwa hanyar gudu tana ƙarƙashin yatsanki, kuma masu manhajojin nan daga talla suke samu, daɗewarki a ciki ita ce ribarsu. Da na koma kwamfuta ni ma na sha wannan wahala: na shiga neman sunan wata bishiya don jimla ɗaya, hantsi ya wuce ban dawo kan jimlar ba, ina ce wa kaina bincike nake yi.

Saboda haka ban ce dole ki koma biro ba. George R. R. Martin, marubucin labarai na Amurka, ya faɗa cewa da tsohuwar manhajar WordStar yake rubutu, a kwamfutar da ba a haɗa ta da intanet ba. Ke ma ki kashe intanet ɗin, ki kai wayar wani ɗaki, kifa ta a gefenki bai isa ba. Abin da kike son dubawa ki sa masa alama, ki wuce, da yamma kya nema.

Abin da ya fi damuna shi ne babin nan. Ban yarda lalaci ne ba, na san ki. Wanda ya rubuta babi uku ya tsaya a na huɗu, akwai abin da yake tsoron rubutawa a can. Ki koma kan jimlar ƙarshe da kika bari, ki duba wa ke shirin buɗe baki, me kuma zai tona. Ki zauna da shi rabin awa, ko da layi biyar marasa kyau za ki samu. Ki turo min su yadda suke, kada ki gyara komai, ina jira.

Kawunki.