Hukuncin tara tsofaffin bindigogin soja da sayar da su

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka, na fara sayen tsofaffin bindigogin da sojoji suka daina aiki da su, irin Lee-Enfield da Mauser da Mosin-Nagant. Wasu ina ajiyewa, wasu in sun yi daraja in sayar. Wannan ciniki ya halatta? Akwai zakka a kansu? Kuma zan iya aika ɗaya gida Najeriya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Asalin wannan ciniki halal ne, domin Allah ya halatta saye da sayarwa a Suratul Baƙara, aya ta 275. Bukhari ya ruwaito cewa Abu Ƙatada ya sayar da sulken da ya samu a yaƙin Hunainu, ya sayi gona da kuɗin. A babin da ya kawo wannan hadisi ne kuma ya ambaci cewa Imrana ɗan Husaini ya ƙi a sayar da makami lokacin fitina. Don haka makami haja ne, sai dai ana duba hannun da zai faɗa. Wanda ka sani, ko zatonka ya rinjaya, cewa zai cutar da mutane da ita, haramun ne ka sayar masa, saboda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka. Wanda ba Musulmi ba da kuke zaman amana, mai tarawa don tarihi ko farauta, babu laifi. Annabi (SAW) ya rasu sulkensa na jingine a wajen Bayahude.

Dokar ƙasar da ka shiga da alƙawari wajibi ce a kanka. A dokar tarayya ta Amurka, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ita ake ɗauka kayan tarihi. Lasisin masu tara bindigogin da suka kai shekara 50 na tarawa ne, bai ba ka izinin kasuwanci ba. In saye da sayarwa ya zama sana'arka, lasisin dillanci za ka nema, sannan ka duba dokar jiharka.

Inda nake ji maka tsoro, ɗan'uwa, shi ne ha'inci, domin darajar wannan haja kusan duk a kan tarihinta take, mai saye kuwa da maganarka yake dogara. Risalar Ibnu Abi Zaidin ta ce bai halatta mai sayarwa ya ɓoye abin da in ya faɗa mai saye zai ƙi hajar, ko kuɗinta ya ragu. Bindigar da lambar sakatarta (ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a bututu) da ta jikinta da ta ƙotarta suka zo ɗaya tun daga masana'anta ta fi wadda aka harhaɗa tsada nesa ba kusa ba. Mauser K98k da Rasha ta ƙwace daga Jamus, an wargaza su an sake haɗawa da sassan juna, aka rubuta lamba a sakata da alƙalamin lantarki. Sayar da irin wannan da sunan lambobinta na asali ne, ƙarya ce. Haka buga mata hatimin da ba ta zo da shi ba, ko sake mata fenti da goge ƙota a yi shiru. Tsofaffin harsasan soja suna barin gishiri a cikin bututu, in ba a wanke ba tsatsa ta ci shi ta bar ramuka. Shafa maiko don ya rufe ramukan daidai yake da abincin da Annabi (SAW) ya tarar an ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Akwai aibin da ya wuce asarar kuɗi ya kai ga rai. Enfield mai tambarin DP an ware ta ne don fareti, ba a harbi da ita. Springfield M1903 da lambarta ba ta kai 800,000 ba, an san ƙarfen wasunsu yana da gautsi, yana iya fashewa. Enfield No. 4 da aka sauya wa sakata, sai maƙerin bindiga ya auna tazarar da ke tsakanin sakatar da gindin harsashi kafin a harba. In ka san ɗaya daga cikin waɗannan ka yi shiru, rubuta cewa ka sayar da ita yadda take bai kuɓutar da kai ba. Mai saye yana da haƙƙin mayar maka, kuma in ta raunata shi alhaki yana wuyanka. A wajen gwanjo ma, sa aboki ya riƙa ɗaga farashi ba da niyyar saye ba shi ne najashi, an hana shi a hadisin Ibnu Umar.

Zakka kuwa niyyarka lokacin saye take bi. Wadda ka saya don ajiya babu zakka a kanta. Wadda ka saya don riba haja ce. A mazhabar Malikiyya, in kana juya su ne kullum, ka ƙiyasta kuɗinsu a kasuwa duk shekara, ka haɗa da tsabar kuɗinka, in sun kai darajar giram 85 na zinare ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. In kuwa ajiye su kake kana jiran farashi ya tashi, sai ranar da ka sayar za ka ba da zakkar shekara ɗaya, matuƙar shekara ta zagayo a kan jarin kuma kuɗin ya kai nisabi.

Aikawa gida bai halatta ba. Dokar makamai ta Najeriya ta sa bindigogin soja masu cin harsashin .303 da 7.62 cikin haramtattu, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Na san Enfield tana da tarihi a wajenmu, ita kakanninmu suka riƙe a ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan sanda ma sun daɗe da ita. Amma tsufanta bai hana ta kisa ba, kuma abin da ke faruwa a Zamfara da Katsina da Sakkwato shi ne ainihin fitinar da Imrana ya ƙi a sayar da makami a cikinta. Ka bar ta can, a kulle, harsashi a wani wuri daban inda yara ba za su kai ba.

Allah ne mafi sani.