Yaro man kaza ne: amsa ga Hadiza

Hadiza 'yata, kin tambaya ko al'adarmu ta cewa "yaro ne, a bar shi" tana da tushe a kimiyya, da littafin da za ki karanta kafin darasin dokar laifuka. Na yi murmushi, amma na damu da kika ƙara da cewa ai ƙwaƙwalwa ce ke yin laifi, ba mutum ba.

Iyayenmu cewa suke yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. A zaure kuma an karantar da mu cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke.

Fara da littafin Descartes' Error na masanin ƙwaƙwalwa Antonio Damasio, 1994. Da labarin Phineas Gage ya buɗe, shugaban leburorin layin dogo a jihar Bamont ta Amurka. Ran 13 ga Satumba 1848 yana cusa albarushi cikin ramin dutse da sandar ƙarfe, tsawonta ya haura mita ɗaya, nauyinta kusan kilo 6. Albarushin ya tashi, sandar ta shige ta kumatunsa na hagu, ta bi bayan ido, ta fita ta tsakar ka. Yana magana aka ɗora shi a keken shanu. Likitansa John Harlow ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai ashar, marar haƙuri. Abin da ya lalace shi ne gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, mai ja wa mutum linzami. Sai dai an yi wa labarin gishiri: Gage ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki a Chile, bai rasu ba sai 1860.

Wannan sashen na gaban ƙwaƙwalwa shi ke kammala girma a ƙarshe, sai wajen shekara 25. Masanin ƙwaƙwalwa Robert Sapolsky ya ware wa samartaka babi guda a littafinsa Behave, 2017. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta hana kashe wanda ya yi laifi kafin ya kai 18.

Ku 'yan yanzu, hoton ƙwaƙwalwa mai launi ɗaya a waya ya ishe ku yanke hukunci. Irin hoton nan galibi gudanar jini yake nunawa, bayan an haɗa na mutane da yawa. Ba ya gaya wa alƙali abin da mutum guda ya nufa ranar da ya zare wuƙa. Kuma "a bar shi" ɗin iyayenmu, uba kan biya ɓarnar, yaro ya sha horo a gida. Gama Damasio tukuna, in kin zo hutu mu zauna.